Gadar da na gani a wayar Yaya

Laraba, bayan isha'i

Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma duk ranar da Yaya Nasiru ya aike ni karɓo wayarsa daga wurin caji, sai na buga wasanninsa a hanya.

Yau da suka dawo daga Dole Kaina, shi da abokansa suka cika zaure da gardama, wai ko wasan tseren mota da na yaƙi da ke wayarsa a duniya ɗaya suke. Ɗaya ce mana. Karyayyar gada guda tana cikin duka biyun. Na kai musu ruwa, har na buɗe baki, Yaya ya ce, "Ke, ajiye ki wuce."

Na gaji. In na faɗa, zai daina aike na. Su yi ta gardamarsu, ni zan yi shiru.