Rasuwar Baba Mai Daro, da Batun Ranar Talata

Cikin alhini, da kuma wata kunya da ba mu saba sa ta a takarda ba, Ƙungiyar Bishara da Jinya, a madadin Mai Girma Shugaba, Rabaran Dakta, da Mataimakansa biyu, da Dattawan Majalisa masu daraja, da Uwar Zumuntar Mata, tana sanar da jama'a cewa ta sami labarin rasuwar ɗan'uwanmu, ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙungiya, wanda babba da yaro suka sani da Baba Mai Daro, wanda Ubangiji ya kira shi gida da safiyar Asabar, bayan gajeriyar rashin lafiya da bai gaya wa kowa ba.

Shekara talatin da ɗaya marigayin ya yi yana wanke gyambo, yana ɗaure rauni, yana kwashe abin da sauranmu muke toshe hanci mu wuce, duk da daro guda mai lotsawa a gefe, wanda daga gare shi ya sami sunansa. Sau uku Majalisa ta ba shi shugabancin ɗakin, sau uku yana cewa hannunsa ya saba da ruwa, ba zai iya riƙe biro ba. Ba za mu ɓoye ba, ba mu yarda da shi ba. Mun zauna mun yanke cewa duk wanda ya ƙi kujera, wata babba yake hange, muka kuma yi shekaru muna jiran ranar da zai fito da abin da ke cikinsa.

Zargin ya ƙaru shekara tara da suka wuce, lokacin da ya fara ɓacewa kowace Talata da rana, ya ɗaure daro da sabulu da tawul a bayan keke, ba ya dawowa sai yamma. Wasu suka ce asibitin kansa ya buɗe a ɓoye, wasu suka ce wata ikilisiya ce ta saye shi, masu zurfin tunani kuma suka ce mace ya ajiye. Aka kafa kwamitin mutum biyar. Da aka tambaye shi, ya ce, "Akwai mai jirana, ranku ya daɗe," bai ƙara ba. Da aka tambayi mai ɗakinsa, ta ce ita ma ba ta san inda yake zuwa ba, abin da ta sani shi ne ƙamshin sabulu yake dawowa da shi, ba na turare ba. Kwamiti ya ba da shawarar a ci gaba da sa ido, aka kuwa sa, sai dai ba a sami wanda ya yarda ya bi keken cikin rana ba.

A Talatar nan da ta wuce, kwana uku da rasuwarsa, wata baiwar Allah ta shigo ofishinmu, wadda sai da ta faɗi ko 'yar wane ce muka gane ta. 'Yar tsohon Shugabanmu ce, wanda ɓarin jikinsa ya shanye shekara tara ke nan, wanda muka kai wa ziyara sau ɗaya da tawaga da mai ɗaukar hoto, ba mu sake komawa ba. Shi ne kuma ya taɓa dakatar da Baba Mai Daro wata shida, bisa zargin neman suna da tawali'un ƙarya. Ta ce mahaifinta ya ƙi kowa ya taɓa shi tun safe, yana ta tambaya ko Mai Daro ya yi fushi ne. A nan muka ji cewa marigayin ne yake yi masa wanka, ya yi masa aski, ya yanke masa farce, ya juya shi, kowace Talata, kuma bai taɓa tayar da zancen dakatarwar ba. Tsohon Shugaba da kansa ya aiko cewa a rubuta wannan, kada a rage komai.

Tun da labarin ya fita, mutum ashirin da uku sun nemi a ba su damar yin jawabi a wurin jana'iza, kowannensu yana cewa shi ne babban aminin marigayin, huɗu daga ciki kuma sun rantse cewa su suka saya masa daron. Da yake sa ido sana'armu ce, mun duba, mun ga cewa wasu hannayen da suka rubuto takardun nan su ne suka sa hannu a rahoton kwamiti, har da na mai wannan sanarwa. Saboda haka Majalisa ta amince da roƙon matar marigayin, cewa duk mai son yin magana a kan gawar mijinta ya fara rubuta sunansa a gaban Talata guda da zai je ya yi wa tsohon Shugaba wanka, a takardar da aka liƙa a ƙofar ofis.

Muna roƙon Ubangiji Yesu Almasihu, wanda ya durƙusa ya wanke ƙafafun mabiyansa, ya ba Mama, matar marigayin, da 'ya'ya da jikoki da dukan dangi ƙarfin zuciya da haƙurin wannan babban rashi, ya ta'azantar da majinyatan da suka rasa hannun da ba ya ƙyamarsu, mu kuma ya gafarta mana idon da muka sa inda ya kamata mu sa hannu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Takardar ta kwana biyu a ƙofa, kuma har zuwa lokacin rubuta wannan, suna ɗaya ne a kanta, na matar marigayin. Daron yana ofis, an wanke shi, tsohon Shugaba kuma yana jira.

Sa hannu,
Ɗan'uwanku cikin Almasihu, wanda kuke kira Malam Sakatare,
Kakakin Ƙungiyar Bishara da Jinya