Baƙuwar da Ibtisam Ta Kawo

Zuwa ga Yaya Abdussalami, a Damazin.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Samira da yara. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan alhamdu lillahi. Wayoyi sun daina shiga, shi ya sa na ba direban lori wannan takarda.

Yaya, kaina ya ɗaure. Ka san yaƙi ya rufe jami'a, Ibtisam ta dawo gida. To, ba ita kaɗai ta dawo ba. Ta zo da abokiyar bincikenta, Hanaa, wata Kirista da danginta suka watse, ba ta san inda suke ba. Yarinya ce mai ladabi, kuma ta fi 'yata iya toya wainar kisra nesa ba kusa ba. Karatun nasu wai kwatanta addinai ne. Ni na ɗauka wa'azi ake koya musu, na ce ba za a daɗe ba Ibtisam za ta shawo kanta.

Shekaranjiya ina tankaɗe a bayan zana, na ji da kunnena Ibtisam tana bayanin Annabi Isa yadda Kiristoci suke faɗa, dalla-dalla, ko a'uzubillahi babu. Hanaa kuwa tana gyara mata kamar malama da ɗaliba. Rariya sai da ta suɓuce mini. Ban gaya wa kowa ba, na dai sa wa Ibtisam ido. Salla tana yi, har da nafila. To wace ce ke sallar, wace ce kuma na ji? Kai ne malami, ka gaya mini ko na rasa 'yata ban sani ba.

Ƙanwarka,
Raliya.

Yaya Abdussalami,

Sallama da fatan alheri a gare ku duka. Amsarka ta iso, na gode. Ka ce ilimi ne, ka kuma ce in yi hattara. Yaya, wanne zan kama?

Abin ya ƙara cakuɗewa. Dije maƙwabciyata ta shigo aron turmi, ta tarar Hanaa tana bayanin kaɗaita Allah, tana jawo Ƙulhuwallahu da fassararta, wallahi limaminmu ma sai haka. Dije ta rangaɗa guɗa ta fita, wai Hanaa ta musulunta. Kafin la'asar gidana ya cika da mata. An kawo sabon tob na lulluɓi, an zaɓa mata suna Rukayya, mijin Dije har ya yi alkawarin akuya. Kowa na yi mini barka. In abin da baki ya faɗa shi ne imani, to mun samu 'yar wasu, tawa ta tafi.

Na ja Ibtisam ɗaki na titsiye ta. Ta fara dariya, da ta ga hawayena ta daina. Ta ce ƙa'idar malaminsu ce: ba ka da bakin magana a kan addinin wani sai ka iya faɗinsa yadda mai shi zai ce e, haka yake. Don haka suke musaya, kowace ta ɗauki ɓangaren 'yar'uwarta. Ba wadda ta motsa daga inda take. Na tambaye ta to wa ke cin nasara, ta ce ba a ci. Kokawar da ba a kayarwa, ni ban taɓa ji ba.

Hanaa da kanta ta mayar wa Dije tob ɗin, ta ba da haƙuri. Yanzu matan sun ce ta yi musu ba'a da kalmar Allah, in sa ta a lori zuwa Sinnar. Ko gaisuwata da ƙyar suke amsawa. In na kore ta, ina za ta? In na bar ta, ni ce zan kwana da fargaba. Ka yi mini addu'a.

Ƙanwarka,
Raliya.

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida Samira. Allah ya sa kuna lafiya.

Na riga na yi wa direban magana zai ɗauki Hanaa ran kasuwar garin Hajj Abdalla, sai ga labari daga wani ɗan garinsu: mahaifin Hanaa ya rasu a hanyar gudun hijira, an binne shi tuni. Nan babu coci, babu ɗan'uwa, babu wanda zai zauna da ita.

Ban tsaya shawara ba, na shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, na ɗora shayi, kamar yadda muke yi wa kowane mamaci. Sai da na gama na tuna ban san ko ya halatta ba.

Ban zaci kowa ba, amma ka san matanmu, ba sa ganin tabarmar makoki su wuce. Dije ce a gaba. Ta ɗaga tafukanta za ta ja Fatiha kamar kullum, sai ta tuna ko wane ne mamacin. Ta tsaya cak, hannuwa a sama, na bayanta ma haka. Na dubi Ibtisam, ita da ta karance littattafan ɓangarorin biyu, na ga ita ma ba ta san abin yi ba.

Hanaa ce ta tashi. Ta taka ta shiga tsakanin hannuwan Dije, ta kifa kai a kafaɗarta. Dije ta sauke hannuwan ta rungume ta, ta fashe da kukan da ya fi na kowa.

Na aika wa direban ya ba wani kujerar. Har yanzu ban gane karatun nan ba, kuma gabana bai daina faɗuwa ba in na ji suna musayarsu. In na yi kuskure, ka rubuto ka gaya mini. Amma ka sani, ko me ka rubuto, yarinyar tana nan.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka,
Raliya.