Kauce Ka Mayar

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Anti da yara. Ya aiki, ya fama da jama'a?

Saƙonka ya iso. Na buɗe kwalin da zaton maganin Baba ne, sai ga safar dambe jajaye. Ni na rubuta maka cewa ɗakin nan ya fara matse ni, ka zo ka karɓe ni jinyar Baba ko na 'yan kwanaki ne, kai kuma ka aiko min da abin naushi. To, na gode, ban kuma ƙi ba.

Wurin horon yana ƙarƙashin ginin masu buga takardu, sai an gangara matakala. Ba taga, fanka ɗaya ce, ita ma juyin ganin dama take yi. Warin zufa da roba kuwa tun daga ƙofa yake yi wa mutum sannu da zuwa. Mai gugan da ke bakin ƙofarmu ya yarda ya riƙa sa wa Baba kunne da yamma in na fita, amma ya ce da zarar ya naɗe wayar dutsen gugarsa, shi da mu sai gobe.

Na je da niyyar in jibgi buhun naushi har in huce. Koci, wani gajere mai karyayyen hanci, ya dubi safar ya ce, "Mayar da su jaka, ango. Ba yau ba." Ya miƙo min igiya. Yaya, ka taɓa ganin ƙato yana tsallen igiya? Sai harɗe ni take, ga wata mai sayar da magani da ta girme ni a gefena, tana tsalle tana hira. Daga nan aka shiga koyon tsayuwa: ƙafar hagu gaba, haɓa ƙasa, dunƙule a kunci. Sai naɗa bandeji a hannu, sai a tsayar da kai gaban madubi ka yi ta naushin iska kamar mai korar sauro. Har yau ban taɓa buhun nan ba. Washegari ƙwaurina da kafaɗuna suka yi min tawaye, da ƙyar na ɗago Baba daga gado.

Jikin Baba da sauƙi, mantuwar ce sai addu'a. Jiya ya tambaye ni ko ni ne sabon yaron gareji. Kai yake kira kullum. Wanka ne babban yaƙinmu, da ruwa ya taɓa shi sai ya kawo mari, kuma ka san hannun makanike ba ya tsufa.

Amma bari in faɗa maka gaskiya. In ƙararrawar wurin horon ta kaɗa, ba na jin kowa yana kirana. Wannan ɗan lokacin kaɗai ne nawa a yini.

Ka huta lafiya.
Autanku

*

Zuwa ga ƙanena Auta,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, na ga takardarka kuma na fahimci abin da ke ciki.

Na ji daɗi da ka fara horon. Wani abokin aikina ne ya ba ni shawarar, ya ce motsa jiki yana rage damuwa ƙwarai. Ciwon jikin da kake ji na farkon farawa ne, zai wuce. Ka bi umarnin malaminka sau da ƙafa, kada ka yi masa gardamar nan taka.

Game da zuwana, ka san halin ofis. An ɗora min aikin mutum biyu, kuma mai gidana ba ya son jin maganar hutu yanzu. Da abubuwa sun lafa za ka gan ni. Ka ƙara haƙuri da Baba, lada kake samu wanda mu muke nema ba mu samu ba.

Antinka tana gaishe ka. Allah Ya ƙara masa lafiya.
Yayanka

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ka yi haƙuri da shirun da na yi, ka kuma yi haƙuri da rubutun, hannuna a kumbure yake.

Ka ce in bi umarnin Koci, na kuwa bi. Bayan igiya da madubi an ba ni buhu, daga baya ya sa wasu 'yan matasai na tare naushi a tafukansa ya fara kawo min duka a kai. Da farko runtse ido nake yi in juya baya. Sai ya daka min tsawa: "Buɗe ido! Wa ka bar wa ƙeyar?" Dokarsa ɗaya ce, kauce ka mayar. In duka ya taho ka sunkuyar da kai gefe, naushin dama ya fita nan take. In ka kauce ba ka mayar ba, sai a koma farko, ko numfashinka zai ɗauke. Yakan ce, "Ba na son kanka ya yi shawara. Jiki nake koya wa, ba kai ba." Haka muka yi ta yi har abin ya zauna. Rannan ya dafa ni ya ce damata tana da kyau. Na hau matakalar nan ina murmushi ni kaɗai, don na manta rabon da wani ya yaba min.

Shekaranjiya da safe na shigar da Baba banɗaki. Ka san ƙuncinsa, in an sa kujerar roba sai mutum ya tsaya a karkace. Na zaunar da shi, na ɗebo ruwa a kofi da hagu, na zuba masa a kafaɗa. Ya kawo marin nan nasa. Yaya, ban yi tunanin komai ba. Kaina ya kauce, damata ta fita.

Ban san abin da ya karkatar da ita ba. Ta wuce ta gefen kunnensa ta sami bututun ruwa. Da ta sauka inda ta nufa, da wata takardar daban kake karantawa yanzu.

Na tsaya, jini yana ɗiga daga hannuna a tayil. Baba ya kamo hannun ya jujjuya shi, ya hura masa iska, ya ce, "Yaro, ka riƙa kula da hannunka a wurin aiki. Shi ne abincinka." A nan na zauna a ƙasa, cikin ruwan, na yi kuka.

Da yamma na gaya wa Koci. Ya ce, "Sabon shiga sakin hannu yake fara koya. Riƙe shi sai an daɗe ana yi. Kai yanzu a tsakiya kake." Na ce to ya cire min abin da ya sa min. Ya ce wannan kam bai iya ba.

Ka ga inda nake. In na ci gaba, hannun ƙara sauri zai yi kafin in iya riƙe shi. In na bari, abin yana nan a jikina. Baba kuma sai an yi masa wanka gobe, da jibi, da gata. Tsoron kaina nake ji, Yaya. Ka zo ka karɓi wankan nan kawai, sauran duk zan yi.

Autanku

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, takardarka ta tayar min da hankali matuƙa. Mun gode Allah da abin ya tsaya a nan.

Ka dakatar da damben nan daga yau. Da na san haka zai zama da ban aiko da safar ba. Kada ka gaya wa kowa, musamman Gwaggo, ka san yadda magana take yawo a dangi.

Na nemi izini an ce in dakata sai an gama binciken ƙarshen shekara. Amma ban bar ka haka ba. Na samo maka keken motsa jiki irin na cikin ɗaki, a kusa da gadon Baba ma za ka iya ajiye shi, ka ga ba sai ka fita ba. Wajen wanka kuma ka riƙa natsuwa, ka tuna mahaifinka ne.

Allah Ya ba ka juriya.
Yayanka

*

Yaya,

Ina gaisuwa.

Na bar zuwa horon kamar yadda ka ce. Kada ka wahalar da kanka da keken, ba inda za a sa shi.

Maganar wanka kuma na samo dabara, ka kwantar da hankalinka. Na lura hannun ba ya tashi sai in kaina ya kauce. Saboda haka na daina kaucewa. In Baba ya kawo mari, sai in tsaya, ido a buɗe, har ya gama.

Baba yana nan tsaf, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Duk ranar da Allah Ya kawo ka, in ka ga fuskata, kada ka tambaye ni.

A gaida Anti da yara.
Auta