Kwamfuta Uku, Aiki Ɗaya, Ni da 'Yata Ba Ma Magana

Anti Beatrice, don girman Allah ki taimake ni, kuma ki amsa da wuri, domin akwai wata tambaya da kwamfuta ta yi mini, har yanzu na kasa ba ta amsa.

Ni tsohon hedimasta ne, na yi ritaya, ina zaune a Kafanchan, amma asalina Samaru Kataf. Ba yabon kai ba, akwai likitoci da fastoci a ƙasar nan da ni na kama hannunsu suka rubuta harafin farko. Da na ajiye alli sai na lura jikokina ba su iya gaisuwa da harshenmu na Tyap ba, sai Hausa da Turanci da burokin. Abin ya yi mini ciwo. Na shiga bin tsofaffi ina rubuta karin magana, sunayen itatuwa, waƙoƙin noma da na niƙa. Da farin gashina na koyi kwamfuta saboda wannan aiki, da yatsa biyu nake bugawa, amma ina bugawa.

Mu uku ne a kan aikin. Ni ina da tawa kwamfutar a gida. Ɗan'uwa Meshak, sakataren majami'armu a Samaru, yana amfani da ta ofis, shi ke zama da tsofaffi bayan sujada yana rubuta abin da suka faɗa. Ta uku ita ce 'yata Magdalene, tana koyar da ilimin harsuna a Jos. A da, filas ɗin kwamfuta, 'yar na'urar nan ta ajiye fayil, muke aikawa ta hannun direba. Kowa yana da nasa kwafi, babu wanda ya san wanne ne sabo. Akwai fayil mai suna "na ƙarshe", akwai "na ƙarshe na gaskiya", akwai "wannan ne, kada a taɓa". Sau da yawa na gyara abu, bayan wata ɗaya in same shi ya dawo da kuskurensa.

Da Magdalene ta zo hutun Ista sai ta sa mana wata manhaja da ke haɗa kwamfutocin nan uku ta intanet. Abin da ɗaya ya rubuta, sauran za su gani. Anti, ranar da na zauna a falona a Kafanchan na ga karin maganar da Meshak ya buga a Samaru ta fito a gabana, na tashi na kira maƙwabta. Wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa. Na gaya musu 'yata ce ta yi wannan. Har gobe ina faɗi.

To, daga nan matsala ta fara. Wata safiya na buɗe aikin sai na ga ƙananan layuka a ƙarƙashin wasu haruffa, shafi bayan shafi. Na ɗauka ƙwayar cutar kwamfuta ce, na zauna na share su tas. Washegari suka dawo. Na sake sharewa. Sai na tarar da saƙon Magdalene a saman shafin: "Baba, don Allah a bar layukan nan, ba datti ba ne. Su ke nuna yadda ake furta kalmar." Na rubuta a ƙarƙashi cewa na riga ta jin harshen nan, kuma mun yi shekaru muna rera waƙoƙin majami'a ba tare da layi ba, ba wanda ya ciji harshensa. Ta ci gaba da sa layi, na ci gaba da cirewa. Yarinyar da ke kirana kowace Lahadi ta daina, ni ma ban kira ba. Ni na haife ta, ai ba ni zan fara ba.

Ana cikin haka iska ta yi ɓarna a wajen Samaru da farkon damina, sabis ya ɗauke a ofishin majami'a na tsawon lokaci. Meshak bai san rikicinmu ba, ya ci gaba da aiki a kwamfutarsa ba intanet. A lokacin ne ya samu Kaka Selina, tsohuwar da kowa ya san babu mai waƙoƙin niƙa irin nata, wadda ta daɗe tana ƙin yi mana magana. Ta yarda. Ta yi ta zuwa ofis jikarta na riƙe da hannunta, tana rerawa yana rubutawa, duk a cikin babban fayil ɗin nan namu. Watan da ya wuce Ubangiji ya kira ta gida. Na je jana'iza, na yi kuka kamar uwata ce.

Yanzu sabis ya dawo. Da Meshak ya kunna data sai manhajar ta ce akwai kwafi biyu da suka saɓa wa juna, na kwamfutarsa da na intanet, wanne za a riƙe? Na hau mota na je na gani da idona. A nasa akwai waƙoƙin Kaka Selina. A ɗayan akwai aikin da Magdalene ta yi, kuma Anti, da na natsu na duba, ba layuka kaɗai ba ne. Ta jera kalmomin, ta fassara da yawa zuwa Hausa da Turanci. Aiki ne mai kyau, na sani. Na ce wa Meshak ya rufe kwamfutar da zane kada kowa ya taɓa. Fasto yana tambaya yaushe za a sakar masa ita, da hannu ake rubuta sanarwar Lahadi.

Zuciyata tana ce mini in zaɓi na Meshak, in cire Magdalene daga haɗin, in ƙarasa aikina yadda na fara. Amma in na yi haka, da wane ido zan dube ta a Kirsimeti?

Naki cikin Ubangiji,
Tsohon Hedimasta, Kafanchan

Baba Hedimasta, barka da wannan gagarumin aiki. Mutum ya yi ritaya ya koyi kwamfuta don kada harshen iyayensa ya bi tsofaffi kabari, wannan abin a jinjina ne. Kuma ka yi daidai da ba ka danna komai ba.

Hankalinka ya kwanta, ba dole ne ka zaɓi ɗaya ba. Kafin komai, Meshak ya kashe data, ya kwafe fayil ɗin da ke kwamfutarsa zuwa filas da sabon suna, ya kuma buga waƙoƙin marigayiya a takarda. Magdalene ma ta adana nata haka. Bayan nan a duba tambayar da kyau, yawancin irin waɗannan manhajoji suna ba da damar a riƙe duka biyun. Sai a ɗauko waƙoƙin a shigar da su cikin ɗayan. Aikin yini ɗaya ne, Fasto ya samu kwamfutarsa.

Daga yanzu ku daina zuba komai a fayil ɗaya. Kowane tsoho da aka zauna da shi a buɗe masa nasa, ta yadda mutum biyu ba za su riƙa rubutu a wuri ɗaya ba. Wanda zai fara aiki ya kunna data tukuna ya bari sabon gyara ya sauka, in ya gama ya jira alamar cewa ya tafi kafin ya rufe. Wanda ba shi da sabis ya yi rubutunsa a sabon fayil. Ka kuma sani, abin da aka share a kwamfuta ɗaya yana ɓacewa a sauran, don haka a riƙa ajiye kwafi a filas lokaci-lokaci.

Sai maganar layi. Magdalene ta yi kuskure da ta shiga aikin mahaifinta tana gyara ba ta nemi izini ba, kuma saƙo a saman shafi ba ya maye gurbin gaisuwa. Kana da hakkin ka ji haushi. Amma ka duba, Baba: kai ba ka buƙatar layi saboda harshen yana kunnenka. Jikokin da kake yi wa aikin ba su da wannan kunnen. Su take tunani. Me zai hana kowace kalma ta fito sau biyu, yadda kuka saba rubutawa da kuma yadda ta yi mata alama? Wanda bai yarda da abu ba ya rubuta ra'ayinsa a gefe, kada kowa ya sake share na wani.

Kada ka cire ta. Ka kira ta yau, ai babba juji ne. Ka fara da ba ta labarin Kaka Selina, ka ce kana buƙatar hannunta a ceci waƙoƙin. Sannan ka gaya mata abin da ka gaya mini, cewa ka duba aikinta ka ga yana da kyau. Ina zaton wannan kalmar take jira daga bakinka.

Allah ya ƙara maka lafiya da ƙarfin ido, ya ba iyalan marigayiya haƙuri, ya kuma nuna mana ranar da yaran Samaru za su rera waƙoƙin nan daga littafi mai ɗauke da sunayenku ku uku.

Anti Beatrice