Kalmar da Na Gane a Wasan Urdu

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ciwon ƙafar? Ya Malam da yara? Nan lafiya lau, sai sanyi.

Tsohuwar nan 'yar Pakistan da nake kula da ita a nan unguwar Soundview ta maƙale wa wani wasan talabijin na yarensu, Urdu. Bayan la'asar tare muke kallo, ni fuska kawai nake karantawa. Jiya a wasan wata budurwa, dangi sun sa ta a gaba, ta mayar wa saurayinta zobensa, ta nuna ƙannenta ta ce "amanat". Na ce wa tsohuwar, "Mu ma amana muke cewa."

Sai ga tsakar gidanmu na Fagge a idona, bayan rasuwar Umma, ranar da kika sallami Sani saboda aurensa zai kai ki Legas ki bar mu. Kika dawo kika ci gaba da yi mini kitso, ni kuwa ina ta mitar kina ja mini gashi.

Ki gaida Inna Asabe. Ki sa ni a addu'a. Tsohuwar ta tambayi sunan wadda nake wa kuka, ta ce za ta sa ki a tata.

Ƙanwarki,
Rabi