Kumburi Har Cikin Jini

Zuwa ga ƙanwata Auta, malamar asibiti,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya marasa lafiya? Ki sa ni a cikinsu.

Kin san keken ɗinki ya daɗe da gamawa da ƙugun nan nawa. Kin kuma san Maman Yara ba ta taɓa yarda ciwon gaske nake ba, wai ciwon bayan ba ya tashi sai an ce a ɗaga buhu. To, mun je an ɗebi jinina. Likita ya duba sakamako ya ce, "Akwai alamar kumburi a jininka."

Auta, sai matar nan ta tafa hannu. "Allah ya biya ka, likita! Tun da na aure shi yake kumburi. Abinci ya makara, kumburi. Na je unguwa, kumburi. Ashe har cikin jini ne!"

Dariya ta hana likita bayani. Yanzu duk layinmu an ji, har masu kawo ɗinki tambayata suke ko na huce. Wallahi abin ya yi min zafi. Ki cece ni.

Yayanki.

*

Anti,

Ina gaisuwa, ya yara?

Kumburin fuskar Yaya gaskiya ne, da shi muka taso. Amma na jini daban ne, jiki ne ke nuna akwai inda ya samu matsala. Gwajin bai faɗi wurin ba, ku koma a duba bayan sosai. Mutumin nan ba ƙarya yake ba. Ki lallaɓa mana shi.

Taki, Auta.

*

Auta,

Na karanta. Ashe zaluntar bawan Allah nake. Bar ni da shi.

Antinki.

*

Auta,

Sallama a gurguje, a ɓoye nake rubutu.

Ta yarda. Ranar da ta fara gasa min bayan da ruwan zafi, sai da na yi ƙwalla. Amma fa ta rufe shago, ta hana ni zaman majalisa, ta ba da katifata mai laushi, a kan katako nake kwana. Ko atishawa na yi sai ta taho da tawul.

Bayan yana nan yana ciwo. Don girman Allah, ki rubuto mata cewa ƙarya nake.

Yayanki.