Kalmar "Balo" Ta Cire Ɗana Daga Tawagar Jami'a

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Wasanni na jami'ar da ɗana yake karatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne mahaifin Nafi'u, wanda yake tsare muku raga har zuwa watan jiya. Manomi ne ni a Gangara, ƙasar Jibiya.

Na farko, ranka ya daɗe, sunan jami'arku ba baƙo ba ne a nan. Direbobin kan iyaka suna liƙa tambarinta a gilashin mota, har na Maraɗi. Ranar da Nafi'u ya zo da rigar ƙungiyarku, sai da kakarsa ta sa ya zagaya dangi da ita.

Na biyu, an cire shi daga tawagar da za ta wakilci ƙasa a gasar jami'o'in Afirka ta Yamma. Dalili, wai wani jami'inku ya ji shi a wajen atisaye yana kiran ƙwallo "balo", makaranta kuma "lakwal", sai ya yanke cewa ɗan Nijar ne ya yi shigar burtu. Ba a tambaye shi ba, ba a neme ni ba.

Na uku, a filin bayan tasha ya koyi kama ƙwallo, tare da 'ya'yan 'yan dako na Maraɗi. Duk yaron da ya tashi a nan "balo" da "lakwal" yake faɗi. Zama ɗan Nijar ba abin kunya ba ne, 'yan'uwanmu ne, amma cibiyar Nafi'u a Gangara aka binne ta. Ina mamakin jami'ar da take koyar da Hausa har digiri na uku, a ce sashenku bai san Hausar Katsina ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne zuwansa gida makon jiya. Ya durƙusa gaban kakarsa yana auna kowace kalma kafin ta fito, har tsohuwar ta tambaye ni ko ba shi da lafiya.

Ina roƙon ka kira shi ka saurare shi kafin tawagar ta tashi. In wani ya fi shi kama ƙwallo, a bar shi a gida, ba zan ce uffan ba. In kuwa bakinsa ne laifin, to ni za a tuhuma, don a wurina ya koya.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da mutuncinka.

Wassalam.

Mahaifin Nafi'u,
Gangara, Jibiya.